Alhasan Ɗan Ma'auni, Baƙon da Ya Ce Ya Zo Zazzau

Duk ɗalibin da ya kai aji uku ya taɓa cin karo da sunan Leo Africanus a littafin Tarihi, galibi a babin daular Songhai, inda akan kawo shi shaida a kan arzikin birnin Tambutu. Da yawa sukan haddace sunan saboda jarrabawa su wuce, wasu ma zato suke yi wani Bature ne irin su Mungo Park. To, Musulmi ne mutumin Maroko, sunansa na yanka Alhasan ɗan Muhammadu Alwazzan. Abin da ya sa na ga ya kamata in kawo tarihinsa a wannan mujalla tamu shi ne, ta bakinsa yawancin Turawa suka fara jin sunan Kano da Katsina da Zamfara da Zazzau. Ya ce ya zo ƙasarmu, ya gani da idonsa. Har yau masana suna ja-in-ja a kan ko ya zo ɗin, ko kuwa ji ya yi wajen fatake. Mu da muke zaune a ƙasar da ake gardama a kanta, ai muna da ta cewa.

An haifi Alhasan a birnin Garnaɗa, wanda Turawa ke kira Granada, a ƙasar Andalus, watau kudancin Sifen ta yanzu. Littattafai da yawa sun ce a 1494 ne, wasu masana kuma sun mai da shekarar baya zuwa wajen 1488. Ko wacce ce, lokacin tashin hankali ne. A watan Janairu na 1492 sarki Fardinan da matarsa Isabela suka ci Garnaɗa, wadda ita ce daular Musulmi ta ƙarshe a wannan ƙasa bayan shekara kusan ɗari takwas. Iyayen Alhasan suna cikin dubban mutanen da suka kwashe nasu ya nasu suka ƙetare teku zuwa Afirka, suka sauka a birnin Fas, shi kuwa yana ɗan ƙarami. Kalmar Alwazzan da Larabci tana nufin mai awo. Da a kasuwar Sabon Gari gidansu yake, da Ɗan Ma'auni za a riƙa ce masa, shi ya sa na ara masa wannan suna.

A Fas ya girma, a nan ya yi karatu. Birni ne na malamai, inda babban masallacin nan na Ƙairawiyyin yake, wanda ake lissafawa cikin tsofaffin makarantun duniya. Ya karanci Alƙur'ani da fiƙihu da nahawu da ƙa'idodin waƙa. Yana ɗalibi ya kama aikin malanta a wani asibiti na birnin inda ake ajiye baƙi marasa lafiya da masu taɓin hankali, ya yi shekara biyu yana rubuta musu lissafi. Ni ina ganin a nan ya koyi halin nan da ya bi shi har ƙarshen ransa, na ƙidaya kome da tambayar kuɗin kome. In ya shiga gari sai ya faɗi gida nawa ne a ciki, me ake nomawa, nawa ake biyan sarki haraji. Fas ɗin kanta ya lissafa masallatanta wajen ɗari bakwai, ya bi kasuwanninta layi layi, da gidajen wanka, da masaukan baƙi, har da 'yan duba da 'yan tsibbu. Ku riƙe wannan, domin zai yi mana amfani in mun zo kan abin da ya rubuta game da mu.

Yana da shekara wajen goma sha shida, watau sa'ana ne, sarkin Fas ya aiki wani kawunsa jakada zuwa wurin Askiya Muhammadu, sarkin Songhai, kawun kuwa ya tafi da shi. A kan hanya, cikin duwatsun kudancin Maroko, wani basarake ya aiko yana son ganin jakada. Kawu ya ga in ya ratse zai makara, sai ya tura yaron da kyauta da wata waƙar yabo. Alhasan ya isa, ya miƙa saƙo, bayan an ci abinci kuma ya tashi ya rera wata waƙa da shi kansa ya tsara. Basaraken ba ya jin Larabci sosai, sai da magatakarda ya riƙa fassara masa, amma duk da haka abin ya yi masa daɗi. Da gari ya waye aka ba yaron doki da kuɗin zinariya, aka ba shi na kawunsa ya kai masa. Shekaru da yawa bayan haka, yana zaune a ƙasar Turai, bai manta da wannan doki ba, sai da ya sa labarin a littafinsa. Ba na ganin laifinsa. Mu nan ko kofi mutum ya ci a gasar muhawara, sai ƙannensa sun gaji da jin labarin.

Suka ƙetare Sahara suka isa Tambutu. Bayaninsa a kan wannan birni shi ne ya fi shahara cikin duk abin da ya rubuta. Ya ba da labarin masaƙa da 'yan kasuwa, da gishirin da ake kawowa daga Tagaza a bayan raƙuma mai tsadar gaske, da wuri da ake sayen ƙananan kaya da shi, da alƙalai da limamai da sarki ke girmamawa yana ɗaukar nauyinsu. Ya kuma ce littattafan da aka rubuta da hannu, waɗanda ake kawowa daga arewacin Afirka, sun fi kowace haja riba a kasuwar. Yawancin masana sun yarda cewa wannan tafiya ta farko ya yi ta.

Da ya koma gida sai ya shiga hidimar sarkin Fas, Muhammadu Alburtuƙali. A lokacin mutanen Fotugal suna ta kame garuruwan bakin teku na Maroko, don haka aka riƙa aiken Alhasan wurin sarakunan ƙabilu da shugabannin yaƙi. Cikin waɗannan shekaru ne, wajen 1512 zuwa 1514, ake cewa ya yi tafiyarsa ta biyu zuwa ƙasar baƙar fata, wadda ita ce ta shafe mu. Shi dai ya ce ya taka ƙasashe goma sha biyar, daga Walata can yamma, ya bi ta Jenne da Mali da Tambutu da Gawo, ya zo Gobir da Agadas da Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara, ya wuce wata ƙasa da ya kira Wangara, da Barno, da wata Gawoga, har ya ɓulla Nuba a bakin kogin Nilu.

A 1517 yana Masar, shekarar da Sarkin Musulmin Turkawa, Salim na Ɗaya, ya ci ƙasar da yaƙi. Ya bi Nilu har Aswan, ya ƙetare Bahar Maliya, ana kuma kyautata zaton ya sauke farali. A kan hanyarsa ta komawa gida a 1518, tsautsayi ya faɗa masa. 'Yan fashin teku Kiristoci, ƙarƙashin wani mutumin Sifen mai suna Pedro de Bobadilla, suka tare jirgin ruwan da yake ciki. A wancan zamani wannan ba baƙon abu ba ne, Musulmi na kama Kirista, Kirista na kama Musulmi, a sayar ko a nemi fansa. Amma da suka lura wannan kamammen mai ilmi ne, kuma jakadan sarki, sai suka ga ya fi ƙarfin a sa shi tuƙin jirgi. Aka kai shi birnin Roma aka miƙa shi kyauta ga Paparoma Liyo na Goma.

Ya fi shekara guda a tsare a wani gidan yari mai suna Sant'Angelo. Ba a hana shi karatu ba, har akan aro masa littattafan Larabci daga ɗakin karatun Paparoma, kuma har yanzu akwai waɗanda ke ɗauke da rubutun hannunsa a can. Ran 6 ga Janairu, 1520, Paparoma da kansa ya yi masa baftisma a majami'ar Bitrus, ya ba shi sunayensa, Yohanna da Liyo. Ma'anar Liyo zaki, saboda haka in zai sa hannu da Larabci sai ya rubuta Yuhanna Al'asad. Daga nan sunan da ke cikin littafinmu na Tarihi ya samo asali.

A nan ne na san wasu iyayenmu za su ɓata fuska. Ni dai abin da zan ce, mutum yana cikin kurkuku a ƙasar da ba shi da uwa ba shi da uba, Allah kaɗai ya san abin da ke zuciyarsa. Ba shi kaɗai ba ne ya shiga wannan hali. Musulmin da suka rage a Garnaɗa an tilasta musu barin addininsu, har a 1504 wani malami daga garin Wahran ya aika musu da fatawa cewa wanda aka tilasta yana iya bi a fili ya riƙe imaninsa a ɓoye. Amma Alhasan da kansa ya ba mu wata alama game da halinsa. A farkon littafinsa ya kawo tatsuniyar wani tsuntsu mai iya zama a sama da cikin ruwa. In sarkin tsuntsaye ya aiko karɓar haraji sai ya nutse ya ce shi kifi ne, in na kifaye ya aiko sai ya tashi sama ya ce shi tsuntsu ne. Alhasan ya ce haka shi ma zai yi, in ana zagin mutanen Afirka ya ce shi ɗan Garnaɗa ne, in ana zagin 'yan Garnaɗa ya ce ai a Afirka ya girma. Mu jemage muke ba wannan hali a tatsuniyoyinmu. Mutumin da ya faɗi haka game da kansa, in ya ba ka labari sai ka saurara da kyau, ka kuma auna.

Bayan an sake shi ya zauna a Italiya yana koyar da Larabci. A 1524 a garin Bolonya ya yi aikin ƙamus na Larabci da Ibrananci da Latin tare da wani likita Bayahude, Yakubu Mantino. Ya kuma gyara wa wani babban malamin coci fassarar Alƙur'ani da aka yi da Latin. Babban aikinsa kuwa, watau littafin bayanin Afirka, ya gama shi da harshen Italiya a watan Maris na 1526. Ya kasa shi kashi tara. Ya faɗa da kansa cewa ya yi shekaru bai ga littattafan tarihin ƙasarsa ba, da ka yake rubutu, kuma abin da bai gani ba ya karɓa daga mutanen da ya amince da su. Matsalar ita ce bai ware mana wanne ne gani wanne ne ji ba.

Ƙasar baƙar fata tana kashi na bakwai, wanda yake cikin mafiya gajarta. Mutumin da ya cika shafi bayan shafi a kan Fas, da ya zo ƙasar Hausa sai ya sallami kowace ƙasa da 'yan layuka. Kalmar Hausa ma bai kawo ta ba, harshenmu harshen Gobir ya kira shi, amma ya gane cewa shi ake yi a Gobir da Kano da Katsina da Zazzau, wannan kuwa daidai ne. Gobir ya ce ƙasar shanu da tumaki ce, akwai masaƙa da dukawa masu yin takalman da ake kaiwa har Tambutu da Gawo. Kano ya ce babban gari ne mai ganuwa, mazaunansa attajirai da masu sana'a, ƙasar kuma tana da hatsi da shinkafa da auduga. Zamfara ma ya yabi nomanta, ko da yake ya kushe mutanenta. Duk wannan babu abin da bafatake a kasuwar Gawo ko Agadas ba zai iya gaya wa baƙo ba kafin a gama cin goro ɗaya. Bai ambaci Dala ba, bai ambaci kasuwar Kurmi da sunanta ba, bai faɗi sunan sarkin Kano ba, alhali wannan mutum ne mai son suna da lissafi.

Yanzu ga namu. Ya rubuta sunan ƙasarmu Zegzeg. Duk wanda ya san ana ce mana Zagezagi, ɗaya kuma Bazazzagi, ya san sunan bai yi nisa da gida ba. Ya ce mutanen ƙasar mawadata ne masu fatauci, ƙasar tana da ruwa da amfanin gona, wani sashenta fili ne mai zafi, wani kuma duwatsu ne masu tsananin sanyi. Sai ya kawo abin da ya fi jan hankalina, cewa saboda sanyi mutane sukan hura wuta a tsakiyar ɗaki, su zuba garwashi a ƙarƙashin gadajensu masu tudu, sa'an nan su kwanta. Jama'a, wannan ai gadon ƙasa ne. Kakata ta wajen uba tana da irinsa a ƙauye, an gina shi da laka, da 'yar ƙofa a gindi inda ake tura itace, in hunturu ya kama mu jikoki har faɗa muke yi a kan wanda zai kwana a kai. Irinsa masu jego suke kwanciya a kai bayan wanka, al'adar da likitocin Jami'ar Ahmadu Bello suka yi bincike a kanta a shekarun 1970, tare da shan kunun kanwa, saboda ciwon zuciya da ke kama wasu mata bayan haihuwa. Abin da aka rubuta a Roma shekara ɗari biyar da suka wuce, ga shi a ɗakin kakata. Wannan ba a ƙaga shi. Amma fa bai isa shaida cewa Alhasan ya kwana a Zazzau ba, ya dai nuna wani wanda ya kwana ya yi magana da shi. Batun duwatsu masu sanyi kuwa, duk wanda ya fito karatun asuba a watan Janairu a Samaru ya san muna da sanyi, amma sanyin iska ne na hunturu, ba na hawan dutse ba. Kufena ba ta kai tsawon da za ta canja yanayi ba. Sai dai ko duwatsun kudancin ƙasar Zazzau ake nufi, wajen Kauru da Kagoro.

Inda ya fi ba ni shakka shi ne Katsina. Ya mai da ita ƙasar 'yan ƙauyuka na bukkoki, babu wanda ya wuce gida ɗari uku, ya kuma yi wa mutanen baƙar magana wadda ba zan maimaita ba saboda abokaina Katsinawa. To, wace Katsina ke nan? Wajen 1493 babban malamin nan Shehu Magili ya zauna a Katsina da Kano, ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa littafi a kan yadda ake mulki. Imam Suyuɗi daga Masar ya aika wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙa ta nasiha. Garin da malaman Masar suka san sunan sarkinsa shekara ashirin kafin zuwan Alhasan, da wuya a ce bukkoki ne kawai a cikinsa.

Sai kuma babbar magana, wadda ta shafi martabar kakanninmu. Alhasan ya ce Askiya Muhammadu ya ci ƙasar Hausa kusan gaba ɗaya. Ya ce ya kashe sarkin Gobir da na Katsina da na Zazzau, ya sa wa na Zamfara guba, ya kewaye Kano har sarkinta ya yarda ya auri 'yar Askiya ya riƙa biyan sulusin harajinsa. Daga nan ne wasu taswirorin littattafan makaranta suka shafa wa ƙasar Hausa launin Songhai. Amma Tarihin Kano, wanda ya kawo labarin Sarki Muhammadu Kisoke da ya yi mulki daga 1509 zuwa 1565, bai ce kome ba game da wannan yaƙi. Littafin mutanen Tambutu kansu, Tarihus Sudan na Abdurrahman Assa'adi, wanda ba shi da dalilin ɓoye nasarar sarkinsu, yaƙi da Katsina wajen 1514 ya ambata, da na Agadas, sai tawayen Kanta na Kabi wanda ya biyo baya. Ni kuma cikin tsofaffin Zariya da na taɓa zama kusa da su, na ji labarin Bakwa Turunku da Amina da yaƙe-yaƙenta, ban taɓa jin na wani sarkin Zazzau da Askiya ya kashe ba. A ganina abin ya yi kama da kirarin fada. In ka sauka a gidan sarki, bafadawansa ne za su gaya maka iyakar ƙasarsa, su kuwa ba su san ragi ba.

Akwai wani kuskure nasa da ya fi duk waɗannan tsada. Ya ce kogin Kwara daga gabas yake tasowa ya gangara yamma ya faɗa teku, har ya ƙara da cewa shi kansa ya shiga jirgi daga Tambutu ya bi ruwa zuwa Jenne. Alhali daga wajen Jenne ruwan yake gangarowa Tambutu, ya karkata ya biyo ta Gawo da Yawuri da Lakwaja. Tun a 1154 wani masani, Al'idrisi, ya rubuta cewa kogin yamma yake tafiya, ga alama Alhasan ya fi gaskata abin da ya karanta a Fas bisa ga abin da ya gani, in har ya gani. Masu zanen taswira a Turai suka yi ta bin wannan magana har 1796, lokacin da Mungo Park ya tsaya a bakin kogin a Segu ya ga gabas yake tafiya. Sai a 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka bi shi har inda ya shiga teku.

To, maƙaryaci ne ke nan? Ni ban yarda a kira shi haka kai tsaye ba. Wanda duk ya taɓa zama a shagon mai shayi a Sabon Gari, garin da baƙi suka kafa tun zuwan jirgin ƙasa wajen 1911, ya san yadda labarin tafiya yake. Direba zai ba ka labarin Ikko da Fatakwal wanda ya gani da idonsa, in hira ta yi daɗi ya zarce da na Kamaru da Gabon wanda ya ji wajen abokin aikinsa, duk da murya ɗaya, duk da ni ne na je. Ba cutarka yake son yi ba, so yake kada hira ta mutu. Balle Alhasan, wanda darajarsa a gidan Paparoma ta rataya ne ga cewa shi ya san Afirka ciki da bai. Da wuya mutum a wannan matsayi ya ce nan ban je ba. Abin da na fi karkata gare shi, ya je Tambutu, mai yiwuwa har Gawo da Agadas, labarin ƙasar Hausa kuwa wajen fatake ya tsinto. Akwai masanan da ke ganin ya ratsa ta, suna da nasu dalilai, amma gadon wuta kaɗai bai ishe ni ba.

Kuma a zamaninsu haɗa gani da ji a tukunya ɗaya ba abin kunya ba ne. Ibn Baɗuɗa, mutumin Tanja, wanda ya riga Alhasan da fiye da shekara ɗari da hamsin, ya zo Takadda a ƙasar Nijar ta yanzu a 1353, ya kuma ambaci Gobir da Barno cikin wuraren da ake kai jan ƙarfen garin, bai ce ya je su ba. Amma shi ma masana sun gano cewa tafiyar da ya ce ya yi zuwa garin Bulgar a ƙasar Rasha bai yi ta ba, kuma magatakardansa Ibn Juzayyi ya kwaso wasu bayanai daga littafin wani matafiyi da ya gabace su, Ibn Jubairu. A Turai abin ya fi haka. Wajen 1360 wani littafi ya fito da sunan John Mandeville, mai cewa ya zaga duniya ya ga mutane marasa kai da masu kan kare. Daga littattafan wasu aka harhaɗa shi, amma ya yi farin jini har kofe kusan ɗari uku na rubutun hannu sun rage zuwa yau. Mu a nan mun fi sa'a da Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta don gasar ƙaga labarai ta 1933, domin babu wanda ya taɓa ɗaukar guzuri ya tafi neman wannan ruwa. Kowa ya san ƙage ne. Haɗarin yana ga littafin da yawancinsa gaskiya ne, ƙagen ya ɓuya a tsakiya.

Littafin Alhasan bai fito ba sai 1550, lokacin da wani mutumin birnin Benis mai suna Ramusiyo ya buga shi, bayan ya yi masa gyare-gyare. A 1556 aka juya shi da Faransanci da Latin, a 1600 John Pory ya juya shi da Ingilishi. Masu fassarar nan sun ƙara nasu gishiri, har da kalmomin suka ga Musulunci waɗanda babu su a asali. An tabbatar da haka ne bayan 1931, shekarar da aka gano wani kofe na rubutun hannu a babban ɗakin karatu na Roma aka gwada shi da wanda aka buga. Wasu masana ma suna ganin fassarar Pory tana cikin abin da Shakespeare ya karanta kafin ya rubuta wasan Othello. Shekara wajen ɗari uku, in Bature yana son sanin wani abu game da Zazzau, 'yan layukan nan na Alhasan zai buɗa. A 1826, shekara ɗari uku cif bayan gama littafin, Kyaftin Clapperton ya shigo birnin Zariya ya rubuta abin da idonsa ya gani.

Shi mai littafin ga alama bai ga ko shafi ɗaya a buge ba. Paparoman da ya ba shi suna ya rasu tun 1521. A watan Mayu na 1527 sojojin sarki Sharl na Biyar suka auka wa Roma, suka kashe, suka washe, suka tsare sabon Paparoma a gidan yarin nan na Sant'Angelo inda Alhasan ya yi zama. Daga wannan shekara ba a sake ganin rubutunsa a Italiya ba. Wani Bajamushe masanin harsunan gabas, Widmanstetter, ya rubuta daga baya cewa Alhasan ya ƙetare zuwa Tunis ya koma addininsa na farko, kamar yadda dā ma ya nuna a littafinsa cewa yana fatan Allah ya mai da shi Afirka. Ba a san kabarinsa ba. In yana Tunis a 1535, to, ya sake ganin rundunar Sharl na Biyar, domin a wannan shekara ta ci garin ta washe shi. Sharl ɗin nan kuwa jikan Fardinan da Isabela ne, waɗanda suka ci Garnaɗa.